Zaman Makokin Matuƙin Jirgi a Ulaisha

Karatun addini ne ya kai ni Riyad, a shekarun da kuɗin mai ya sa garin yake wayar gari da sabon titi kusan kullum. An sallame ni daga gida da addu'a da hawaye, ana sa ran in dawo da rawani da lodin littattafai. Shekara biyu na yi ina kokawa da nahawu, sau biyu yana kai ni ƙasa a jarrabawa, a karo na biyun aka yanke mini tallafin karatu. Kunyar komawa gida haka ta sa na nemi kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya mini a ba ni iƙama, takardar izinin zama. Na dace da wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse yana neman direba mai jin Turanci. Turancin nawa na sakandare ne, shi ma da gyara, amma ya fi nahawuna lafiya nesa ba kusa ba. A wasiƙun da nake aikawa gida ban taɓa cewa na bar makaranta ba, cewa nake yi karatu ya ɗauki wani sabon salo.

Abin da ban bari ba shi ne malanta. A ɗakin da muke haya a unguwar Utaiƙa mu shida ne, leburori da masu fenti, duk Malam suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Duk maganar da aka kawo ina da hukunci a kanta. In na sani in faɗa, in ban sani ba in ƙara murya. Shisshigi kuma tun ina ƙarami mahaifiyata take yi mini faɗa a kansa, bai hana ni ɗauko shi a akwati har ƙasar Larabawa ba.

Wanda aka ba ni in tuƙa Bature ne ɗan Ostireliya, injiniya. Kowa a wurin aiki Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci, ni ma na bi sahu. Ya doshi hamsin, dogo ne siriri, rana ta gasa masa ƙeya ta yi jawur, kullum da hular kaki mai faɗin baki. Shi kaɗai yake zaune a wani gida mai katanga da kamfani ya kama masa a unguwar Ulaisha. Ba shi da surutu, ba shi da faɗa. In lokacin salla ya yi muna kan hanya, kafin in buɗe baki zai duba agogo ya ce in tsaya, ya zauna a mota yana duba taswira har in idar. Abincin ranarsa kifin gwangwani da gurasa, kuma bai taɓa ci bai raba biyu ba. Ina son mutumin nan ƙwarai, ko da yake a lokacin ba zan faɗa a gaban abokan ɗakina ba.

Ɗabi'a ɗaya na lura da ita. Duk lokacin da jirgin sama ya wuce, ko yana tsakiyar magana ne, sai ya tsaya ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace. Filin jirgin Riyad a lokacin kusa da gari yake, don haka a yini muna yin wannan tsayuwa sau da yawa. Da farko na ɗauka ƙauyanci ne irin nasu na can ƙarshen duniya. Sai kuma a wani tsakani na ga mutum yana ramewa. Ya daina taɓa rabin kifinsa, wandonsa ya fara zamewa har ya ƙara huda ɗamara da ƙusa. Na yi masa hukuncin ciwon shawara, na ma kawo masa wani jiƙo, ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a bayan mota.

Wata rana mun fita bayan gari duba wata rijiya, muka fake a inuwar wata bishiyar ƙaya muna cin abinci, jirgi ya wuce, ya bi shi da ido kamar kullum. Bakina bai iya haƙura ba, na tambaye shi. Ya ciro walat ya zaro wani hoto da gefensa ya sha hannu. Saurayi ne cikin rigar matuƙa jirgi, yana dariya, da manyan kunnuwa irin na Muhandis sak. Ya ce wansa ne. A yaƙin duniya na biyu yana tuƙa jirgin da ake jefa wa sojoji abinci da shi a dajin Burma. Wata safiya da damina suka tashi shi da abokan aikinsa, ba su dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga gawa ba. Shi Muhandis a lokacin yana makarantar sakandare.

Na dafa ƙirji na fara jero masa ta'aziyya da Turancina, sai ya ɗaga hannu.

"Bai mutu ba," in ji shi. "Ya ɓace ne."

Haka takardar da gwamnati ta aiko musu ta ce, kuma a kan wannan takarda gidansu ya zauna. Mahaifiyarsu har ta bar duniya ba ta taɓa sa wa ƙofar gida sakata ba. Mahaifinsu bai ƙara ambatar sunan yaron ba. Shi kuma duk shekara yana rubuta wa ofishin da ke kula da irin wannan batu wasiƙa, kuma da ya ji an ce mutanen wani ƙauye sun tsinci tarkacen jirgi a kan wani dutse, sai ya sake rubutawa, ya kasa ci ya kasa barci har amsa ta zo. Ramar da nake gani ke nan. Amsa ta zo a makon, an ce jirgin ba na wansa ba ne, kuma shi kansa bai san ko murna zai yi ba.

Na ce to, da abin ya faru, su wa suka zo musu gaisuwa? Ya ce babu kowa. Maƙwabta dai sun riƙa cewa kada a cire rai. Na ce ba a zauna ba, ko na yini ɗaya? Bai ma gane tambayar ba sai da na yi masa bayani. Ya ce a'a, ba a zauna ba.

Wannan magana ta hana ni sakat. Sama da shekara talatin, mutum ya tafi, ba a shimfiɗa tabarma ba, ba wanda ya riƙe hannun uwarsa ya ce ta yi haƙuri. A duk karatun da na yi na shekara biyu, babi ɗaya ne ya zauna mini daram, shi ne babin hukuncin wanda ya ɓace. A wurinmu alƙali yakan yanka wa'adi, in ya cika matar ta shiga takaba, a zauna, a yi kuka, a tashi a ci gaba da rayuwa. Jira ma shari'a ta yi masa iyaka. Ina tuƙi muna komawa gari na yanke hukunci a raina cewa ciwon Muhandis rashin makoki ne, in ba a yi masa ba jiran nan zai ƙarasa shi, kuma ni ne zan yi masa. Ba zan ɓoye ba, tausayi ne rabin abin. Ɗaya rabin kuwa ina son a gan ni a gaban taro ina jan ragama, ko a daina tuna cewa direba ne.

Ban shawarce shi ba. Bai ma zo mini a rai in shawarce shi ba, don a garinmu ba a neman izinin zuwa ta'aziyya. Kana jin an yi rasuwa ka ɗauki hularka ka tafi.

Na kwashe mako ina gayya. Na faɗa wa abokan ɗakina, na je kasuwar kayan marmari ta Aziziyya inda 'yan uwanmu suke dakon akwatunan lemo da tumatir, na faɗa musu. Duk inda na je sai na zayyana labarin tun daga farko, da hoton, da ƙofar da ba a sa wa sakata, har da ƙari na gyaran zance. Mutane suka yi ta girgiza kai suna cewa Turawa dai sai a hankali.

Na je har wurin ɗalibai. Akwai wani tsohon abokin ajina ɗan Nijar, wanda nahawu bai taɓa kayarwa ba, mutum mai sanyin magana da nake jin haushinsa ba tare da ya yi mini komai ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wace addu'a zan sa jama'a su yi wa mamacin, tunda ba Musulmi ba ne. Wallahi ko sau ɗaya ban yi tunanin wannan ba. Ya ce a tsaya ga mai rai, a ba shi haƙuri, a roƙa masa juriya, kada a wuce nan. Na ce ai daman abin da na tsara ke nan. Ya gyaɗa kai. Sai kuma ya ce, shi mai rasuwar ya yarda an yi masa rasuwa? Na ce abin da za mu je koya masa ke nan. Ya kalle ni jim kaɗan, ya ce zai zo, don yana son ya ga yadda za a ƙare.

Mutum na ƙarshe da na gayyata wani dattijo ne mai teburin shayi a bakin kasuwar Utaiƙa. Bakatsine ne, ya zo aikin hajji da daɗewa bai koma ba. Kowa ya san tsohon soja ne kuma ya je yaƙin Burma, amma ba daga bakinsa aka sani ba, don shi ba ya ba da labari. Yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Ni na je ne don ya ƙawata mini taro, a ce har tsohon soja na kawo. Ya bar ni na yi ta zuba yana wanke kofuna. Tambaya ɗaya ya yi, wane irin jirgi yaron yake tuƙawa. Da na ce masu jefa abinci, sai ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya ce zai rufe tebur ya zo.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka hallara a Ulaisha, mu kusan ashirin, kowa da farar rigarsa ta masallaci. An kawo tabarmi da butoci, da dabino, da gahawa a fulas, wani ya zo da goron da wani alhaji ya ba shi, duk ya yi taushi. Muka shimfiɗa a jikin katangar gidan inda inuwa ta sauko. Sai da kowa ya zauna na tuna cewa a garin nan ba a son taron baƙi a kan titi. Maƙwabta suka fara leƙe ta taga, mai kantin da ke kusurwa ya fito ya tsaya. Na ga wasu daga cikin mutanena suna dafa aljihu don su tabbatar iƙamarsu na nan, ko shurɗa, wato 'yan sanda, za su ɓullo. Na yi kamar ban gani ba, na gyara hula na buga ƙofa.

Muhandis ya fito da gajeren wando da singileti, da littafi a hannu. Da ya ga jama'a jere a ƙofarsa sai fuskarsa ta canza, ya tambaye ni da sauri ko wani ne ya faɗa rijiya a wurin aiki. Na ce lafiya lau. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji Turancina, na karanto jawabin da na kwana uku ina haddacewa. Na ce mu al'ummar Hausawa mazauna wannan gari mun zo yi masa ta'aziyyar rasuwar wansa, wanda ya rasu yana kan aikinsa.

Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da ido kaina.

"Mu biyu ne a ƙarƙashin itacen nan," in ji shi a hankali. "Kai na faɗa wa."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Mutum ya ciro abin da ya ɓoye shekara talatin ya nuna mini, ni kuma na ɗauka na zaga kasuwanni da shi kamar tallan gyaɗa. Ya ce wansa bai mutu ba, babu wanda yake da ikon zuwa ƙofarsa ya kashe shi da baki, in kwashe mutanena mu tafi. Ya juya zai shiga.

Ko waɗanda ba sa jin Turanci sun gane. Aka fara laluben takalma. Abokina ɗan Nijar ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, kuma rashin kallon nasa ya fi mini ciwo. Tunanin aiki da iƙama bai ma zo mini ba a lokacin. Abin da na gani shi ne na zo in warkar da mutum na fama masa ciwo, zai koma ciki ya rufe ƙofa, ya ci gaba da jira shi kaɗai, kuma ba zai ƙara faɗa wa kowa ba har ya mutu.

Sai dattijon nan mai shayi ya miƙe. Ya ɗingiso har bakin ƙofa, ya haɗe ƙafafu iyakar yadda ƙafar ta yarda, ya sara masa irin ta soja. Da Turancin bariki ya ce shi ma ya je Burma. Muhandis ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa. Dattijo ya juyo gare ni ya ce, kai, zo ka fassara, kuma ka bar iyayi.

Ya ce sun yi watanni a cikin daji, babu hanya, babu mota, ruwa ba ya ɗaukewa, takalmi yana ruɓewa a ƙafar mutum. Duk abin da suka ci daga sama ya zo, shinkafa da gishiri da sukari da gwangwani, har maganin zazzaɓi. Sukan share fili a tsakanin duwatsu su shimfiɗa alama su jira. Jirgin yakan sauko ƙasa-ƙasa har kana hango wanda ke bakin ƙofa yana turo kaya da ƙafa. Buhun shinkafa ba a sa masa lemar saukowa, haka ake jefo shi, don haka kowa yakan laɓe a bayan itace, in ba haka ba abincin ne zai kashe ka kafin abokan gaba. Ya ce akwai ranakun da gajimare ya rufe duwatsun gaba ɗaya, su da kansu suna cewa yau babu mai zuwa, sai su ji ƙugin inji.

"Faɗa masa na ci abincin wansa," in ji dattijo, "ko nasa, ko na abokansa. Ba mu san sunan ko ɗaya ba. Tun da na dawo ban samu wanda zan yi wa godiya ba sai yau."

Na fassara. Ina fassarawa ina jin kaina yana sake kumbura, har na fara tunanin ai daman haka na tsara. Muhandis ya saki ƙofa ya matso kusa da dattijon. Ya ce in tambaye shi, waɗanda jirginsu ya faɗi a dajin, akan samu wanda ya fito daga baya? Ya ji ana cewa mutanen kan duwatsu sukan tsinci mutum su yi jinyarsa, ya zauna cikinsu, wani ma ya manta ko shi wane ne. Tambayar da yake ta aikawa ofisoshi ke nan shekara da shekaru, yau ga wanda ya taka dajin da ƙafarsa a gabansa.

Dattijo ya girgiza kai. Sannan ya ce in faɗa masa a'a. Ya ce da idonsa ya ga jirgi ya shige gajimare, suka ji ƙara, suka ga hayaƙi, aka tura su nema, suka kwana uku suna saran daji ba su kai wurin ba. Su da suke ƙasa da ƙafafunsu da adda da jagora, dajin ya cinye da yawa daga cikinsu. Ya ce wan Muhandis ya rasu tun ranar da ya ɓace ko kusa da ita, kuma ya daina wahalar da kansa.

Ni ne na tara mutum ashirin don a faɗa wa Baturen nan wannan magana. Na yi gayya a kanta, na haddace jawabi a kanta. Da ta zo bakina, na kalli idonsa, sai na kasa. Na ce masa dattijo ya ce akan samu, wasu sun fito.

Muhandis bai ko kalle ni ba, fuskar dattijon yake kallo. Ya ce mutumin ya yi doguwar magana yana girgiza kai, ni na ba shi guntuwa. Na manta kuma cewa wanda ya yi soja a ƙarƙashin Turawa yana tsintar Turanci. Dattijo ya dafa kafaɗata, ba da wasa ba.

"Ba haka na ce ba," in ji shi. "Kada ka yi mini ƙarya a gaban mai makoki. Faɗi yadda na faɗa."

Haka aka kama ni ta gaba da ta baya, a gaban duk waɗanda suke ce mini Malam. Na faɗi maganar yadda take, da gajimaren, da hayaƙin, da kwana ukun, har zuwa ƙarshe. Ban rage ba, ban gyara ba. Ina jin a duk zamana a ƙasar nan wannan ne karo na farko da na faɗi abu iyakar yadda na ji shi.

Muhandis ya tsaya yana kallon ƙasa. Sannan ya juya ya shige gida ya turo ƙofa. Wasu sun riga sun sa takalma, wani ya fara naɗe tabarmar da ke ƙarshe. Dattijo kuwa ya koma ya zauna abinsa, ya ɗauki dabino ɗaya yana ci. Ni na tsaya a tsakiyar titi na rasa inda zan sa hannuwana.

Ba a fi minti goma ba ƙofa ta buɗe. Muhandis ya fito, ya sa dogon wando da farar riga, ya ɓalle maɓalli har wuya, ya taje kai, idanunsa sun yi ja. Ya zo bakin tabarma, ya ga takalman da aka jera, ya cire nasa ya ajiye a cikinsu. Ya tambaye ni ina ne wurin zamansa. Na nuna masa tsakiya, jikin katanga. Ya zauna da ƙyar, dogayen ƙafafun nan sun ƙi naɗuwa. Ya ce me za su ce masa, kuma me zai amsa? Na ce za su tambaye shi yaya haƙuri, shi kuma ya ce da godiya. Ya maimaita sau uku har ta zauna a bakinsa. Sai ya ce, a al'adarmu mai makoki shi kaɗai yake zama? Na ce a'a, danginsa sukan zauna a gefensa.

"Ba ni da kowa a nan," in ji shi. "Zauna."

Na zauna. Dattijo ne ya fara zuwa, ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo, ya kama hannun Muhandis da hannu biyu ya ce yaya haƙuri. Muhandis ya ce da godiya, da harshensa na Turawa, muryar ba ta fita sosai ba. Daga nan dattijo ya matso gare ni, tunda a gefen dangi nake, ya yi mini irin wannan gaisuwa. Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu fenti da 'yan dako da ɗalibai, kowa ya gaishe shi ya gaishe ni. Abokina ɗan Nijar ya kama hannuna ya ce, "Malam, yaya haƙuri?" Babu ko alamar zolaya a muryarsa. A nan na ɓarke. Na yi kuka shaɓe-shaɓe a kan saurayin da ban taɓa gani ba sai a hoto, har na fi mai makokin, har shi ne ya koma yana bubbuga bayana. Kunya ce da tausayi da sauƙi duk suka haɗu, ban iya rabe su ba.

Aka zaga da gahawa da dabino. Muhandis ya karɓi goro ya ciza, ya yamutsa fuska, ya haɗiye don kada ya ɓata wa mai shi rai. Ba wanda ya tambaye shi, sai ya fara ba da labarin wansa, ina fassarawa ina jan majina. Ya ce shi ya koya masa iyo a wani tafkin gona, ta hanyar jefa shi ciki. Ya ce ba ya iya waƙa ko kaɗan amma ba ya bari. Ya ce ranar da zai tafi ya bar masa kekensa ya ce kada ya kuskura ya hau, shi kuwa tun kafin motar da ta ɗauke shi ta sha kwana ya hau. Jama'a suka yi dariya, shi ma ya yi, hawaye na bin kumatunsa bai share ba.

Da aka kira magariba mutane suka miƙe za su tafi masallaci. Muhandis ya riƙe hannun rigata, ya ce kwana nawa ake yin zaman? Na ce uku. Ya ce to gobe da jibi yana nan, wanda ya samu dama ya zo. Na tuna masa cewa gobe Asabar, akwai aiki, ana jiransa a sabuwar rijiya. Ya ce in je ofis da safe in faɗa musu ba zai fito ba, an yi masa rasuwa.

Da safe na je na faɗa musu. Mudir, wato shugaban ofishin, ya ajiye biro ya yi salati, ya tambayi wanda ya rasu, na ce wan Muhandis. Ya ce yaushe labarin ya iso? Na ce jiya da la'asar.